Kayan wasan jarirai a kejin aku: ina amincin, ina haɗarin?

Shin abin wasan da aka yarda jariri ya sa a baki, ana iya rataya wa aku shi a keji hankali kwance? Tambayar ta yawaita tun da bidiyoyin tsuntsayen gida suka cika TikTok da Facebook. Ga aku yana jera kofunan roba, ƙarami cikin babba. Ga wani ya riƙe kacau-kacau da ƙafa ɗaya yana kaɗawa, wani kuma yana jan makullan roba masu launi-launi yana zuba surutu. Wanda ke da aku ko tsirya a gida in ya gani, sai ya tuna da kwandon kayan wasan da yaransa suka girme, ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Hujjar kuwa ɗaya ce a bakin kowa: duk duniya ba abin da ake kaffa-kaffa da shi kamar jariri, to abin da bai cutar da jariri ba, ina zai cutar da tsuntsu?

Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Akwai 'yan kayan jarirai da masu kiwon aku suka daɗe suna amfani da su lafiya lau. Akwai kuma waɗanda ke iya halaka tsuntsu cikin kwana ɗaya ko biyu, alhali jariri zai shekara yana wasa da su ko atishawa bai yi ba. Bambancin yana cikin abin da masu gwajin kayan suka auna, da abin da bai taɓa shiga lissafinsu ba.

Me aka gwada, kuma don wa?

Ƙasashen da ke da doka mai ƙarfi kan kayan wasan yara suna da ma'auni a rubuce. A Tarayyar Turai sunansa EN 71, a Amurka kuma ASTM F963. Amurka ta ƙara tsaurara nata ne bayan abin da ya faru a 2007, lokacin da kamfanin Mattel, mai Fisher-Price, ya janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwa, wasu saboda fentinsu na ɗauke da dalma, wasu saboda ƙananan maganaɗisun da ke ɓallewa yara su haɗiye. A 2008 aka kafa sabuwar doka. A ƙarƙashinta, dalmar da ke cikin fentin kayan yara ba za ta wuce kashi 90 cikin miliyan ba, ta jikin kayan kuma, tun daga 2011, kashi 100 cikin miliyan.

Bayan guba sai ƙarko. Akwai wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7 da aka ƙera daidai da maƙogwaron yaro ɗan ƙasa da shekara uku. Duk abin da ya shige cikinsa ɗungurungum, an hana sa shi a kayan masu waɗannan shekaru. Ana yar da abin wasa ƙasa, a murɗa shi, a ja shi, a ga ko wani yanki zai cire. Kayan da ake kaiwa baki kuma, dokar Amurka ta ce a matse su da na'ura mai kwaikwayon cizo: nauyin kusan kilo 11 in na 'yan ƙasa da wata 18 ne, kusan kilo 23 in na 'yan wata 18 zuwa 36 ne, a riƙe haka tsawon daƙiƙa 10.

Daƙiƙa 10 ɗin nan ita ce bakin zaren. Duk gwajin an gina shi ne kan siffar wata halitta guda: mai dasashi ko 'yan haƙoran nono, mai nauyin kilo bakwai zuwa goma sha wani abu, wadda ke cizo ta gaji ta saki, kuma uwarta ko yayarta na kusa. Ga wannan halitta ma'aunin yana aiki sosai. Ba wanda ya taɓa zama ya rubuta shi da aku a zuciyarsa.

Wayon yaro, bakin maƙeri

Abin da ke rikita mutane shi ne wayon tsuntsun. Alex, akun nan mai jar wutsiya da masaniya Irene Pepperberg ta yi shekara 30 tana nazari a kansa a Amurka har ya mutu a 2007, yana bambance launuka da siffofi, yana ƙirga abubuwa, kuma da 'yan katakai masu launi da makullai irin na wasan yara aka riƙa yi masa jarrabawa. Daga irin wannan bincike ne maganar ta bazu cewa hankalin aku kamar na ƙaramin yaro ne. Ko da an yarda da haka, hankali ne ya yi kama, jiki bai yi ba.

A fara da baki. Na sama lanƙwasasshe ne mai tsini, na ƙasa kuma mai kaifi ne da ke tokarewa daga ciki, ga harshe mai kauri da ke laluben abu yana neman inda aka haɗa shi, ga ƙafa mai yatsu biyu gaba biyu baya da ke riƙe abu gam. A dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru da Kwango, da wannan bakin aku ke fige kwakwar manja, ya fasa ƙwaya, ya ɓare ɓawon itace. Manyan danginsa na Kudancin Amurka suna fasa ƙwallon da mutum sai ya nemo guduma. Aikin awartaki yake yi: ƙarfin duka yana taruwa ne a tsini guda, a kan wuri guda. Na'urar gwaji tana matsa roba a shimfiɗe ta sake ta. Aku kuwa zai sami layin da aka manne ɓangarori biyu na kacau-kacau, ya soka tsinin bakinsa a nan, ya yi ta ɓanɓara tun hantsi har la'asar, gobe ma ya dawo wurin.

Wannan ya rushe amfanin bututun nan mai milimita 31.7. Abin wasan jariri yana zuwa ba ƙaramin yanki a jikinsa, gaskiya ne, amma aku da kansa yake ƙera ƙananan yankunan. Ya fasa kacau-kacau, ƙananan duwatsun roban da ke ciki sun zube. Ya ɓalle kunnen kofi, ga tsinke mai kaifi. Yawancin aku suna tauna abu ne su tofar, shi ya sa da yawa ke tsira. Amma wasu suna haɗiyewa, kuma mai tsuntsu ba ya sanin wane iri ne nasa sai ya zauna ya sa ido: in gutsattsarin da ke ƙasan keji ba su kai abin da ya ɓace daga jikin robar ba, to sauran suna cikin tsuntsun.

Abin da tsuntsu ya haɗiya yana fara sauka ne a wata jaka da ke gindin wuyansa, daga nan ya wuce ciki, sannan ƙundu. Duk wanda ya taɓa gyara kaza ya ga abin da ake tararwa a ƙundu: tsakuwa, guntun kwalba, wani lokaci har ƙusa. Wurin tara abu ne da niƙa shi. Roba mai laushi da zare da soso ba sa narkewa, ba sa niƙuwa, sai su dunƙule su toshe hanya, a jakar wuya ko can ƙasa. Ƙarfe kuma yakan zauna a ƙundu ruwan ciki mai tsami yana cin sa a hankali, yana shiga jini.

Sai girman jiki. Aku mai jar wutsiya yana tsakanin giram 400 da 500. Tsirya ba ta wuce giram ɗari da 'yan kai ba, ƙananan nan masu launi da ake shigo da su ana sayarwa bibbiyu kuwa giram 30 zuwa 40 ne. Jariri ɗan wata shida ya ninka aku nauyi kusan sau 15, ya ninka tsirya sau 50 ko fiye. Duk iyakar guba da aka yanke bisa nauyin yaro, in aka kawo ta kan tsuntsu ta tashi daga aiki.

Dalma da tutiya: ɗaya an tsare, ɗaya an bari

Ba sai an yi wa mutanen Arewa dogon bayani kan dalma ba. Abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda yara kusan 400 suka rasu sanadin ƙurar ma'adinin zinare mai ɗauke da dalma, ya isa darasi. A tsuntsu ma haka take: tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda da jini, kuma ɗan guntu ƙanƙani ya isa. A nan kayan jarirai na gaske, waɗanda aka gwada, suna da abin yabo, domin dalma na cikin abubuwan farko da doka ta sa wa ido.

Matsalar da ba a cika sani ba ita ce tutiya, ƙarfen nan da ake shafa wa kwanon rufi da bokitin ƙarfe da wayar raga don kada su yi tsatsa. Ga ɗan Adam tutiya abinci ce a ƙaramin ma'auni. Ita ce zink ɗin da ake ba yaro mai gudawa tare da ruwan gishiri da sukari, ita ce kuma a cikin farin man da ake shafa wa jariri in kunzugu ya ƙona masa fata. Saboda haka dokokin kayan wasa ba su ɗauke ta abokiyar gaba ba. Ma'aunin Amurka ya lissafa ƙarafa takwas da ake aunawa, tutiya ba ta ciki. Na Turai ya sa ta, amma da iyaka mai faɗi ƙwarai. Ga aku kuwa tana cikin gubobin da likitocin tsuntsaye suka fi cin karo da su. Zif ɗin 'yar tsana, maɓallin ƙarfe, 'yar sarƙa, ƙararrawa mai sheƙi, ƙugiyar da ake maƙala abin wasa a keken jariri, duk suna iya zama tutiya ko shafen tutiya. Tagulla ma gauraye ce da tutiya, wani lokaci har da dalma. Jariri zai tsotsa ya bari. Aku zai kankare shafen da baki ya haɗiye.

Akan ce a gwada da maganaɗisu, wai in bai kama ba to ƙarfe marar tsatsa ne, lafiya ke nan. Wannan gwaji rabi ne. Ƙarfe marar tsatsa mai kyau ba ya kama maganaɗisu sosai, haka ne, amma tutiya zalla da tagulla da dalma su ma ba sa kamawa. Abin da maganaɗisu ke iya nunawa kawai shi ne baƙin ƙarfen da aka yi wa shafe. Ni a ganina, duk ƙarfen da ke jikin kayan jariri a cire shi kafin a miƙa wa tsuntsu, ya fi sauƙi da a tsaya ana canki-canka.

Kuma tunda an zo nan, a faɗi wadda ta fi zafi: a gidaje da yawa kejin kansa ya fi abin wasan haɗari. Kejin da mai walda ya haɗa da wayar raga mai shafen tutiya, ya bi da fentin da ya samu, aku yana hawa yana sauka a jikinsa da baki kullum. Masu kiwo a ƙasashen waje sun daɗe da sanin ciwon da ke kama tsuntsu bayan an sa shi a sabuwar waya. Goge wayar da buroshi da ruwan khal yana rage farar ƙurar da ke kanta, amma ba ya kawar da shafen. Mutum ya tsaya yana tantance kofin roba alhali tsuntsunsa na cikin irin wannan keji, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Masu cewa kayan jarirai sun fi

Suna da hujja mai ƙarfi, kuma ya kamata a saurare su. Kayan wasan da ake ƙerawa musamman don tsuntsaye ba su da irin dokar da ta ɗaure na yara. A Amurka hukumar da ke kula da amincin kayan yara ba ta gwada kayan wasan dabbobi, kuma rubuta cewa abu na tsuntsu ne a jikin kwali ba ya buƙatar shaidar kowa. Shi ya sa ake samun kayan kantin tsuntsaye da ƙararrawa mai shafen tutiya, ko igiya mai saurin warwarewa, ko zoben makulli mai tsaga da ke kama baki. Wanda ya ce ya fi amincewa da kofin roba daga sanannen kamfanin kayan jarirai a kan abin wasan tsuntsu marar suna, ta fuskar guba bai yi kuskure ba. Turai ta fara hana wasu sinadaran laushin roba a kayan da jarirai ke taunawa tun 1999, ta kuma hana sinadarin BPA a kwalaben shayarwa a 2011. Ba a yi wa tsuntsu irin wannan gata ba.

Abubuwan da suka fi karɓuwa a wurin masu kiwo su ne waɗanda aka zuba daga roba mai tauri guda ɗaya, ba haɗi, ba ciko, ba fenti a sama: kofunan da ake jerawa, zobban roba masu kauri da ake sarƙafawa, manyan makullan roba, da katakan gini waɗanda ba a shafa musu komai ba. Su ma ba kowane tsuntsu ba. Zoben da ya dace da tsirya, babban aku zai tsinka shi a zama ɗaya. Zoben da ya dace da babban aku, tsirya tana iya cusa kai ciki ta kasa fitarwa. Ƙa'idar rami ita ce ko dai ya yi ƙanƙantar da kai da ƙafa ba za su shiga ba, ko ya yi faɗin da duk jikin zai wuce. Na tsakiya shi ne mai shaƙewa.

Akwai kuma bambanci tsakanin abin da za a ba aku ya yi wasa a kan tabarma ana kallonsa, da abin da za a rataya a bar shi da shi a tafi kasuwa. Bidiyoyin da ake gani kusan duk na farkon ne: minti ɗaya, mai shi na riƙe da waya a gabansa. Ba a nuna abin da kofin ya zama bayan mako biyu.

Waɗanda ba a ma tsayawa muhawara a kansu

Duk abin da ke waƙa ko walƙiya ko motsi yana da batir, kuma sau da yawa ɗan ƙaramin nan ne mai kama da kwabo. In ya maƙale a maƙogwaron yaro yana iya ƙona nama cikin awa biyu, shi ya sa doka ta ce a kulle murfinsa da noti. Noti yana hana jariri, amma ba lallai ya hana aku ba. A wani gwaji da masana a Jami'ar Biyana ta Ostiriya da abokan aikinsu suka wallafa a 2013, an sa wa wasu fararen dangin aku 'yan asalin Indunusiya ƙwaya a akwati mai makullai biyar a jere, ciki har da noti mai buƙatar a yi ta juyawa. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Pipin, ya buɗe duka shi kaɗai cikin ƙasa da awa biyu. Wanda bai iya kwance noti ba ma zai fasa robar da ke kewaye da shi. Bayan batir akwai wayoyi da dalmar liƙi a ciki.

Maganaɗisu ma haka, musamman ƙananan nan masu ƙarfi: biyu in suka shiga hanji suna manne juna su huda shi. 'Yar tsana mai laushi da littafin ƙyalle suna kawo matsala iri biyu, audugar ciki da ake haɗiyewa, da zaren da ke naɗe yatsa ya tsayar da jini har yatsan ya mutu. Robar da ake ba mai fitar da haƙori ya ciza an yi ta ne da laushi da gangan don dasashi, wato daidai yadda aku zai gutsure ta, wasu kuma cike suke da ruwa ko wani abu mai yauƙi. Tabarmar soso mai haruffa, agwagwar wanka mai ƙara in an matsa, balan-balan, duk layi ɗaya ne.

Kayan da aka sa wa ƙamshi su ma a kauce musu. Numfashin tsuntsu ya bambanta da namu, yana da jakunkunan iska ban da huhu, iskar da ya shaƙa tana ratsa shi sosai. Abin da ya sa hayaƙin maganin sauro da turaren wuta da tukunyar nan marar kamu in ta ƙone suke iya kayar da tsuntsu a ɗaki ke nan.

A kasuwarmu lissafin ya sake canzawa

Duk abin da aka faɗa na yabon kayan jarirai ya rataya ne kan sharaɗi guda: a ce da gaske an gwada su. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, tana da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su, kayan wasa na ciki, amma kowa ya san yawan abin da ake sayarwa a baro da tire da bakin titi ba suna ba adireshi. Tambarin CE da ake gani a jiki ba hatimin wata hukuma ba ne. Mai ƙera kayan ne da kansa ke bugawa yana cewa ya bi dokar Turai, kuma buga haruffa biyu a roba ba ya cin ko sisi.

Sai gwanjo. Kayan wasan da ake zubewa daga dila sau da yawa sun fi sababbin araha ƙarko, shi ya sa iyaye ke son su. Amma tsufa na da nasa aibin. A 2018 wani masani a Jami'ar Plymouth ta Ingila, Andrew Turner, ya auna tsofaffin kayan wasan roba 200, ya tarar da ƙarafa masu guba a wasunsu fiye da abin da dokar yanzu ta yarda, musamman a robobi ja da rawaya da baƙi, har da tubalan Lego na shekarun 1970 da 1980. An yi su ne kafin a tsaurara doka. Ga shi kuma roba in ta sha rana da zafi irin namu takan bushe ta yi gautsi, ta riƙa fashewa da kaifi. Abin wasan da ya yi shekara goma a Turai, ya kwana a kwantena, ya sha ranar kasuwa, ba shi ne wanda aka gwada a masana'anta ba.

Aron kaya tsakanin yaro da tsuntsu

Abin da aka ba aku ya zama nasa, kada ya koma hannun yaro. Tsuntsayen wannan dangi suna iya ɗaukar wata ƙwayar cuta da ke fita a kashinsu da ƙurar gashinsu ba tare da sun nuna alama ba, a mutum kuma tana kawo zazzaɓi da ciwon huhu. Ga kuma kaifin da baki ya bari a jikin robar. Ta ɗaya ɓangaren, yawun mutum na ɗauke da ƙwayoyin da jikin tsuntsu bai saba da su ba, don haka a wanke abin da ruwan zafi da sabulu, a ɗauraye sosai, ya bushe, kafin ya shiga keji.

To a bar shi hannu rabbana?

A'a, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu, ya fi na kayan jarirai nesa ba kusa ba. Aku a keji da sanda ɗaya da gwangwanin ruwa da gyaɗa, shekara da shekaru. A daji wannan tsuntsu yana cinye yawancin yininsa ne wajen neman abinci da fasawa da ɓarewa, cikin garke. In aka raba shi da duk wannan sai ya juya kan jikinsa, ya riƙa fige gashin ƙirjinsa har fata ta fito, ko ya yi ta ihu, ko ya zama mai cizo. Mai jar wutsiya ya yi suna wajen figar gashi. Tsuntsu ne da ke iya shekara 40 zuwa 60 a hannun mutum, kuma tun farkon 2017 yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin namun daji a duniya, ta hana cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe saboda yadda suke ƙarewa. A Gana bincike ya nuna sun ragu da kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari daga 1992. Wanda yake da shi a hannu, amana ce mai tsada.

Abin da ya kamata a gane shi ne aku ba ya neman abin wasa mai ƙarko. Abin lalatawa yake nema. Mai ƙera kayan jariri burinsa kada abin ya fashe, aku kuma jin daɗinsa a fasawar yake, saboda haka gara a ba shi abin da in ya ragargaza ba komai. Irin waɗannan kuwa muna da su a araha: kaba da ganyen dabino da aka kitsa ba rini, guntun ƙwarya, soson yauƙi na gargajiya busasshe, gora, ƙoƙon kwakwa, kwali marar gam da ƙusar takarda, farar takarda da aka ƙunshe 'yar ƙwaya a ciki ya sha wahalar cirowa. Fatar da masu kiwo ke yarda da ita ita ce wadda aka jeme da itatuwa, irin jimar bagaruwa da majemanmu ke yi, muddin ba a rina ta ba. Fatar masana'anta da aka jeme da sinadarin ƙarfe ba ta dace ba.

Su ma da sharaɗinsu. Katakon kafinta da aka shafa wa maganin gara guba ne. Itacen fiya da 'ya'yansa da ganyensa suna kashe tsuntsu. Totuwar masara da ɓawon gyaɗa suna saurin yin fumfuna in sun jiƙe, fumfuna kuma na jawo ciwon huhun da ke yawan kama mai jar wutsiya, don haka in damina ta sauka a riƙa sauya su da wuri. Reshen da aka saro daga gonar da aka yi wa feshi, a bar shi. Kuma kada a yi mamaki in an rataya sabon abu tsuntsun ya maƙale a lungu yana gurnani. Aku yana tsoron baƙon abu, musamman wanda aka kamo daga daji. A ajiye abin nesa da keji inda zai riƙa ganinsa, a riƙa matso da shi kaɗan-kaɗan cikin 'yan kwanaki.

In an makara

Tsuntsu yana ɓoye ciwo, domin a daji marar lafiya shi ake fara kamawa. Kafin mai shi ya lura, abin ya yi nisa. Alamun gubar ƙarfe ko toshewar ciki sun haɗa da kumbura gashi da zama shiru a ƙasan keji, ƙin abinci, amai, yawan shan ruwa, kashi kore shar ko mai ruwa-ruwa ko mai jini, tangaɗi, sakin fiffike ko ƙafa, da jijjiga. Kashin da ya ragu ƙwarai ko ya tsaya bayan an ga abin wasa a gutsure shi ma alama ce.

A irin wannan hali ba a ɗura wa tsuntsu manja ko madara, domin cikin sauƙi suke bi ta hanyar numfashi su shaƙe shi. A sa shi wuri mai ɗumi da shiru a nemi likitan dabbobi a ranar. Hoton ciki yana nuna gutsuren ƙarfe sarai, akwai kuma allurar da ke kama dalma da tutiya ta fitar da su daga jini, wadda ke aiki sosai in an fara da wuri. Roba da zare ba sa fitowa a hoto da sauƙi, wani lokaci sai an yi aiki. Ba kowane asibitin dabbobi ne ya saba da aku ba, yawancinsu shanu da awaki da kajin gona suka fi gani, don haka gara a tambaya tun tsuntsun na lafiya a san inda za a nufa. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna cikin wuraren da za a fara tuntuɓa. In za a tafi, a ɗauki ragowar abin wasan da gutsattsarin da aka share daga ƙasan keji, da takardar da kashin ya zuba a kai, likita zai buƙaci ganinsu.